William Goebel: gwamnan da aka rantsar a kan gadon mutuwa

Ranar 30 ga Janairun 1900, William Goebel na kan hanyar shiga majalisar dokokin jihar Kentucky ta Amurka, a birnin Frankfort, sai harsashi ya fito daga ginin ofisoshin gwamnati ya huda masa ƙirji. Washegari aka rantsar da shi gwamna yana kwance. Ranar 3 ga Fabrairu rai ya yi halinsa, yana da shekara 44. Har yau shi kaɗai ne gwamnan jiha a Amurka da aka kashe a kan mulki.

An haife shi a 1856 a Pennsylvania, ɗan baƙin da suka zo daga Jamus, ya tashi a Covington. Ya zama lauya, ya yi suna wajen kare ma'aikata da talakawa a gaban manyan kamfanoni, musamman kamfanin jirgin ƙasa na Louisville and Nashville, wanda kuɗinsa ke juya siyasar jihar. A 1887 ya shiga majalisar dattawan jihar a jam'iyyar Democrat. Mutum ne marar fara'a, bai iya jawabin jan hankali ba. Ƙarfinsa ƙulla lissafi a bayan fage. A 1895 ya harbe abokin gabarsa John Sanford a kan titi bayan kowannensu ya zaro bindiga, aka sallame shi bisa hujjar kare kai.

A shekarar ce 'yan Republican suka ci kujerar gwamnan Kentucky karo na farko. Martanin Goebel shi ne dokar zaɓe ta 1898: majalisa, wadda ke hannun jam'iyyarsa, ta naɗa hukumar mutum uku, su kuma su naɗa jami'an zaɓen kowace gunduma. Ya ce maganin maguɗi ce. Ko ma gaskiya ya faɗa, wanda ya rubuta dokar nan ya fito takara bayan shekara ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa a yi masa mummunan zato.

Tikitin ma da dabara ya same shi. A taron Louisville na 1899 ya haɗa kai da William Stone don kayar da Wat Hardin, sannan ya juya wa Stone baya, ya yi nasara a zagaye na 26. Fusatattun 'yan jam'iyya suka ɓalle suka tsayar da tsohon gwamna John Y. Brown.

A zaɓen Nuwamba, William S. Taylor na Republican ya samu ƙuri'a 193,714, Goebel 191,331. Abin da ba wanda ya zata: hukumar da ake kira tasa ta tabbatar wa Taylor nasara, biyu bisa ɗaya. Aka rantsar da Taylor, 'yan Democrat suka kai ƙara majalisa, inda kwamitin mutum 11 da aka ce ƙuri'a ce ta fitar ya zo da ɗan Republican ɗaya tak. Magoya bayan Taylor suka kwararo daga tsaunukan gabashin jihar ɗauke da bindigogi. Cikin wannan zaman ɗar-ɗar aka harbi Goebel.

Taylor ya kira dakarun jiha suka hana majalisa zama. 'Yan Democrat suka haɗu a ɓoye suka soke ƙuri'un da suka isa a ba Goebel kujera. Jihar ta wayi gari da gwamnati biyu. A watan Mayu Kotun Ƙoli ta ƙi sa baki, kujerar ta tabbata ga mataimakinsa, J. C. W. Beckham, Taylor ya tsere Indiana.

Sau uku ana yanke wa sakataren jihar, Caleb Powers, hukuncin haɗa baki a kisan, sau uku ana rushewa. An yi masa afuwa a 1908, a 1910 ya ci zaɓen majalisar wakilan Amurka. Wanda ya ɗana kunamar kuwa, har yau masana tarihi ba su daidaita a kansa ba. Dokar zaɓen, 'yan Democrat ne da kansu suka soke ta a 1900.