Sophie Tucker da majami'ar ƴan wasa

An haifi Sophie Tucker wajen shekara ta 1886, cikin gidan Yahudawa da suka ƙaura daga daular Rasha zuwa Amurka. Ta girma a garin Hartford, inda iyayenta ke da gidan abinci. Nan ta fara yi wa baƙi waƙa. Daga bisani muryarta ta kai ta manyan gidajen wasa na New York da Landan.

A New York ɗin, kusa da Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo, akwai wata majami'ar Yahudawa da aka kafa a 1917. A zamanin nan ba kowa ke ganin mutuncin mawaƙa ba, amma limaminta, Bernard Birstein, ya buɗe musu ƙofa. Sophie ta shiga, wasu mashahurai suka biyo. Ta riƙa jagorantar wasan shekara-shekara don tara wa majami'ar kuɗi, har wurin ya samu sunan majami'ar ƴan wasa.

Ta rasu a 1966, ba ta bar sana'arta ba, ba ta kuma bar addininta ba.