Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Farkon Rubuce-rubucensa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Sarautar Gobir da ke Tsibiri, kusa da Maraɗi, ta zauna a nan ne tun 1836. Kafin haka Alkalawa ce babban birni, kuma a ƙarƙashin sarakunanta Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya taso ya fara riƙe alƙalami. An haife shi a 1754 a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau, iyayensa suka koma da shi Degel yana yaro.

Wajen mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo ya yi karatun Alƙur'ani. Daga nan ya lizimci Malam Usmanu Binduri kusan shekara 2, yana kwaikwayon halinsa na tsoron Allah da umarni da kyakkyawa. Ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da Malam Jibrilu ya yi haramar wucewa aikin Hajji, sai Shehu ya juyo gida, domin mahaifinsa bai ba shi izini ba. Allah bai nufe shi da zuwa Makka ba har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarar 1188 ta Hijira, yana ɗan shekara 20, ya fara wa'azi, kuma a wannan shekarar ya tsara ƙasidarsa Daliyya da Larabci, ta begen Manzon Allah (SAW) da ƙishin ziyarar Madina. Ka duba, ya ɗan'uwa, mutumin da daga baya ya rubuta littattafai kan mulki da jihadi, da bege ya buɗe. Ƙanensa Malam Abdullahi ya yi wa ƙasidar tahamisi.

Zamansa a Degel zaman malamin karkara ne. An ruwaito cewa tufkar igiya yake yi ya sayar ya ci abinci, tufafinsa kuwa ba su wuce riga da wando da rawani ba. Bayan La'asar ya zauna da almajirai a karanta tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri cewa idan Shehu zai fito majalisi yakan ɗan tsaya shi kaɗai ya sabunta niyya, sannan ya iso da fara'a, ya yi sallama, ya nemi a yi shiru. Ba ya ƙosawa da tambayar jahili.

Daga waɗannan majalisai rubutunsa ya fito. Takarda a lokacin ta hamada ake kawo ta, da tsada, kuma kowane littafi da hannu almajirai ke kwafe shi, saboda haka ba ya rubuta abin da babu buƙatarsa. Malamai ya yi musu da Larabci. Makiyaya da mata da waɗanda ba su yi nisa a karatu ba, ya tsara musu waƙoƙin Fillanci masu sauƙin haddacewa, waɗanda 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa suka mayar da wasu Hausa daga baya.

Wannan hanya ta jawo masa suka. Lokacin da ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya yi masa waƙa yana zarginsa da barin mata su halarci majalisi tare da maza. Shehu ya umarci Abdullahi ya mayar da amsa a waƙe. Hujjarsu ita ce barin mace cikin jahilcin addininta ya fi muni, kuma ana ware musu wurin zamansu.

Jarrabawar da ta fi wannan ta zo a Magami, wajen 1788, ranar Babbar Salla. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu miskali 500 na zinariya. Ga mai cin abinci da igiya wannan dukiya ce ta rayuwa baki ɗaya. Shehu bai karɓa ba. Ya roƙi abu 5 a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince da su duka, kuma wannan abin a yaba wa sarkin ne.

Da ya dawo Degel ya zauna, sai ya kammala Ihya'us Sunna wajen 1793, babi 33, kowane babi ya kawo sunna sannan ya bi ta da bidi'ar da mutane suka ƙago a wurin. Shekara guda bayan haka, yana da 40 da 'yan watanni, ya samu babban fatahin da Sidi Abdulƙadir Jilani ya rataya masa Takobin Gaskiya, kamar yadda shi da kansa ya ambata a littafin Wuridinsa. Ya rasu a Sakkwato a 1817. Allah Ya ba mu albarkacinsa, amin.