Abdullahi Ɗan Fodiyo: malamin da ya fi son alƙalami da gadon mulki

Duk tafiyar da ta tara mutane, kowa da aikin da ransa ya fi kwanciya da shi. Rayuwar Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, ta nuna yadda wannan bambanci yake ɗaga tafiya, da kuma yadda yake yanke wanda zai jagorance ta.

An haifi Abdullahi wajajen shekarar 1766. Ƙane ne ga Shehu Usman, wanda aka haifa a Maratta, kusa da Galmi a jahar Tawa ta yau. Tun yana yaro ya zauna gaban yayansa yana ɗaukar karatu, daga baya ya yi karatu wurin Malam Jibrila ɗan Umar. Ya yi zurfi a nahawu da fiƙihu da tafsiri, kuma ya riƙa bin Shehu yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi.

Da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, jagororin jama'ar uku ne, kowa da halinsa. Shehu ya fi son karantarwa da wa'azi. Ɗansa Muhammadu Bello ya fi karkata ga tsara runduna, kafa garuruwa da sasanta mutane. Shi kuwa Abdullahi, ko da yake shi ya jagoranci yaƙin Tafkin Kwatto kuma shi ne wazirin Shehu, hankalinsa na kan littafi da auna kowane mataki da ma'aunin shari'a.

Wannan hali ya sa zama da shi ba sauƙi. Da ya ga wasu mayaƙa sun mai da hankali ga ganima da sarauta, sai ransa ya ɓaci. A wajajen 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano mutane suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki. Nan ya rubuta Diya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, sannan ya koma wurin ƴan uwansa. Ko a kan tambura, tufafin ado da sunayen sarauta, ra'ayinsa ya fi na Shehu tsauri, kuma sun bayyana saɓaninsu a rubuce ba tare da sun rabu ba.

A 1808, Bello ne ya jagoranci cin Alƙalawa, shekara ta gaba ya kafa Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba aiki: gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi, shi kuma ya koma ga ɗalibansa. Yankin Abdullahi ne ya zama masarautar Gwandu, wadda tasirinta ya kai har Say a bakin kogin Isa.

Sakamakon zaɓin kowa ya fito fili a 1817, lokacin da Shehu ya rasu. Abdullahi ya girmi Bello, kuma malaminsa ne, amma Bello ne ya shekara da shekaru yana hulɗa da kwamandoji da masu riƙe da tuta. Shi aka yi wa mubaya'a. Abin ya yi wa Abdullahi ciwo, ya ja jikinsa. Sai da ƴan tawaye suka matsa masa a Kalambaina, Bello ya kawo masa ɗauki, sannan suka shirya, baffa ya miƙa wuya ga ɗan ɗan'uwansa.

Daga nan Abdullahi ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Buhari yawancin harkokin mulki, ya koma ga abin da ya fi so. Ya rasu a Gwandu wajajen 1829, ya bar littattafai da dama, ciki har da tafsirinsa Diya'ut Ta'wil da Tazyinul Waraƙat, waɗanda har yau ake karantawa a zauruka.

Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shugabanci ya tafi ga wanda ya rungumi wahalar tafiyar da mutane yau da kullum. Amma da babu mai tsayawa ya ce an kauce, da tafiyar ta manta dalilin da ya sa aka faro ta.