ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA (1877–1955) DA ZUMUNCIN FATAKE

Idan aka ambaci sunan Alhaji Alhassan Ɗantata a Kano, abin da yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne dalar gyaɗa, sai kuma labarin raƙuman da suka kai kuɗinsa banki. Akan ba da tarihinsa kamar na mutum guda wanda ya tashi maraya, ya yi ta tari wuri-wuri har ya zama attajirin da ake cewa babu kamarsa a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma rabin zance ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi rayuwarsa ta fuskar jama'ar da ta haife shi a fatauci, watau Agalawa, domin a ga irin gatan da ƙungiyar 'yan kasuwa take yi wa ɗanta, da kuma abin da ƙasar Kano ta samu ta wannan hanya.

Agalawa da ayarin Gwanja

Agalawa asalinsu daga arewa suke, daga cikin Bugajen da suka gangaro ta wajen Azbin suka zauna a ƙasar Katsina, daga baya kuma suka bazu cikin ƙasar Kano. Sun saki harshensu na asali sun zama Hausawa, amma ba su saki asalinsu ba. Suna da zanen fuska nasu, suna auratayya a tsakaninsu, kuma sana'arsu ɗaya ce, fatauci. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19.

Ba su da ofis, ba su da sakatare ko littafin rajista, amma duk aikin da ƙungiyar 'yan kasuwa take yi a yau suna yin sa, har da ƙari. Tafiya Gwanja ba tafiyar mutum ɗaya ba ce. Ayari yakan tashi da rani da ɗaruruwan jakai da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da turkuɗi da riguna da jima, ya bi ta Yawuri ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, kafin ya sauka Salaga inda goron ƙasar Asante yake fitowa. Zuwa da dawowa wata da watanni ne. Madugu shi ne uban tafiya: shi yake zaɓen hanya, shi yake daidaitawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu a kan kuɗin da za a biya, sa'an nan a raba nauyin a kan fatake gwargwadon kayan kowa. Jagaba yana gaba yana duba hanya da zango. A can masauƙi kuwa akwai fatoma, wanda yake ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan ciniki na bashi ne. Wanda jakinsa ya mutu a daji, 'yan'uwa za su raba kayansa su ɗauka. Wanda ya rasu a hanya, madugu zai kawo dukiyarsa ga magada.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne jari. Babu banki, saboda haka yaro yakan fara ne a ƙarƙashin ubangida, ya yi shekaru yana kiwon jakai yana koyon feshin goro da sauya masa ganyen fita don kada ya lalace. Idan aka ga hankalinsa, sai a ba shi kaya bashi ya tafi da su da sunansa. Ba takarda, ba jingina. Jinginarsa ita ce sunan gidansu, domin wanda ya ci amana a Salaga labarinsa zai riga shi isowa Kano, kuma ba zai sake samun mai ba shi ko ƙwarya ɗaya ta goro ba.

Tashinsa

A cikin wannan jama'a aka haifi Alhassan a garin Bebeji a 1877. Mahaifinsa Abdullahi falke ne, ɗan falke, daga gidan da ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna Madobi kafin ya koma Bebeji. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Abdullahi ya rasu Alhassan yana yaro ƙarami, aka raba gado, Amarya kuma ta tafi Ankara a ƙasar Gana ta yau ta ci gaba da kasuwancinta. Sai ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan mata aka sami laƙabin Ɗantata. Abin lura ne cewa sunan da gidan ya shahara da shi har yau na baiwar da ta yi reno ne, ba na kakan da ya yi ayari ba.

Ya yi karatun allo a Bebeji, yana haɗawa da ƙananan sana'o'i don ya ci da kansa, kuma ana danganta ɗabi'arsa ta ajiya a asusu da tarbiyyar Tata. Yana saurayi ya bi ayari zuwa Gwanja har ya isa wurin mahaifiyarsa, daga baya ya komo gida.

A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuma suka ƙi, suka fita tare da Yusufu. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. Agalawa sun goyi bayan Tukur, kuma ɓangarensa ne ya sha kashi, domin Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894. A cikin wannan hargitsi aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da aka yi fansa kafin suka sami kansu. A nan ana iya ganin ɗaya fuskar zama cikin ƙungiya: idan ta dafa wa wanda ya faɗi, kowa a cikinta yakan ji a jikinsa, har yaron da ba a yi shawara da shi ba.

Daga jaki zuwa jirgin ruwa

Lokacin da Alhassan ya kama fatauci sosai, tsohuwar hanya ta fara mutuwa. Salaga ta yi rauni tun bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, yaƙin cikin gida na 1892 kuma ya watsa kasuwarta. Turawa sun ci Kano a 1903, suka ɗora wa ayari haraji na wasu shekaru. A gefe guda kuma jiragen ruwa suna zirga-zirga tsakanin Sakandi da Ankara da Ikko, hanyar jirgin ƙasa kuma tana haurowa arewa daga Ikko. Wajen 1906 Alhassan ya shiga cikin fataken farko da suka fara ɗauko goro ta teku. Ribar a fili take: goro ɗanyen kaya ne, kowace rana a hanya asara ce, kuma wanda dā yake juya jarinsa sau ɗaya a shekara yanzu yana iya juya shi sau da dama.

To, amma jirgi ba ya saye, ba ya sayarwa. Mai son bin wannan hanya dole ya sami amintacce a Kumasi mai tara masa goro, da wani a bakin teku mai lodi, da wani a Ikko mai karɓa. Zangon Hausawa da ke waɗannan garuruwa shi ya ba shi mutanen. Watau hanya ce ta sake, amma tsarin fatoma da ubangida da yaro yana nan yadda yake.

Gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ɗaukar kaya a 1912. Abin da Turawan mulki suka sa rai a kai shi ne auduga, domin masaƙun Ingila. Hakan bai yiwu ba yadda suka so, saboda masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da farashin Bature. Gyaɗa ce ta yi tashe. Masana'antun Turai suna neman manta, manomi kuma ya san ta tun kaka da kakanni, tana yin kyau a jigawa, in kasuwa ta ƙi ana iya ci, ga kuma haraji da ake nema da tsabar kuɗi. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000.

Kamfanonin Turawa, irin su Kamfanin Neja da Janhol, suna da kuɗi da sikeli a bakin tasha, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin harshe, manomi kuma bai yarda da su ba. Saboda haka suka nemi manyan fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata. A wannan tsakanin ne ya bar Bebeji ya tare a birni, ya gina gidansa a Sarari, wajen Koki.

Yadda aikin yake tafiya shi ne, kamfani ya ba attajiri kuɗi ko haja, attajiri ya rarraba wa yaransa, su kuma su bazu kasuwannin ƙauye suna ba manoma gishiri da yadi da kuɗi tun kafin kaka, da alkawarin gyaɗa. Idan aka cire amfanin gona, sai ka ga jakai da raƙuma sun yi jerin gwano zuwa Kano. Duk wanda ya dubi wannan tsari zai ga ayarin Gwanja ne aka juyo da kansa cikin gida. Alhassan ya fi sauran ne da yawan mutane da iya zaɓensu, da kuma haƙurin cin riba kaɗan a kan kaya masu yawa. Ana cewa zuwa 1922 ya riga ya wuce sauran attajiran Kano. Bayan da aka kafa kamfanin U.A.C. a 1929, ya zama babban mai saya masa gyaɗa. Ga wannan shekara kuma ake jingina labarin nan da ya shahara, cewa ya kai kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa ajiya a banki a Kano.

Me ƙasa ta samu? Dubban mutane sun sami abin yi: masu jakai, 'yan dako, masu ɗinkin buhu, 'yan baranda, daga baya kuma direbobin manyan motoci. Yara da yawa da suka fara da jarinsa sun tsaya da ƙafafunsu sun zama iyayen gidan wasu. Kuɗi ya shiga ƙauye, harajin da ya cika baitulmalin Kano kuma da yawansa daga gyaɗa ya fito. Buhunan da jirgi ya kasa kwashewa a kan kari su ne aka riƙa jerawa har suka zama dala, kowace tana ɗaukar buhu kamar 15,000, kuma ga Alhassan ake danganta fara wannan jeri.

Amma bai kamata ɗalibin tarihi ya tsaya a yabo ba. Ba a Kano ake yanke farashin gyaɗa ba, a Turai ake yanke shi, kuma kaso mafi tsoka na ribar can yake tafiya. Da kasuwar duniya ta faɗi a farkon shekarun 1930, manomi ne ya fi kowa shan wuya, ga bashi ga haraji. Bashin kafin kaka taimako ne a lokacin da rumbu ya ƙare, amma kuma igiya ce, domin wanda ya ci ba shi da ikon neman wani mai saye. Zumuncin fatake kuwa yana da ƙofa: ɗan gida da baran gida su yake rufa wa asiri, manomin da yake can ƙarshen igiya ba ɗan ƙungiya ba ne. A ganina wannan shi ne iyakar irin wannan tsari. Ya iya tayar da ɗan kasuwa, amma ba a gina shi don kare mai noma ba.

Ƙungiya mai takarda

Alhassan ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, ya kuma taimaka wa mutane da yawa suka sauke farali. Kasuwancinsa bai tsaya ga goro da gyaɗa ba, ya haɗa da shanu da yadi da duwatsun ado da gidaje.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sha'anin kasuwa ya sake kama. An kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, ita take yanke farashi, kuma sai mai lasisi yake sayar mata kai tsaye. Yawancin masu lasisin Turawa ne da Kwara. Amana ta baka ba ta isa a nan ba, ana bukatar rajista da akawu da lissafi a rubuce. Alhassan, duk da tsufansa, ya karɓi wannan sauyi. Yana cikin attajiran Kano da suka haɗa jari a farkon shekarun 1950 suka kafa Kano Citizens Trading Company, wanda ya buɗe masaƙar zamani a birnin. Wannan mataki ne babba, domin a karo na farko 'yan kasuwar da suka saba kowa da gidansa da yaransa sun zuba kuɗi a tukunya ɗaya don su ƙera kaya, ba don su yi dillancin na wani ba. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero an shigar da shi majalisar Sarki, inda ya zama muryar 'yan kasuwa, kuma kafin rasuwarsa ya sami lasisin sayen gyaɗa da sunan kansa.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, abin da ya fi damunsa shi ne abin da ya gani da idonsa yana yaro a Bebeji, watau yadda dukiyar falke take watsewa da zarar an raba gado. Ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Ɗansa Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa. Dalar gyaɗa ta ɓace bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, amma a lokacin gidan ya riga ya shiga gine-gine da sufuri da masana'antu. Aminu ya rasu a 2025, Aliko Ɗangote kuwa jikan Sanusi ne, ɗan Alhassan, ta wajen mahaifiyarsa Mariya.