Janar Kutu Acheampong: Daga fadar mulkin Ghana zuwa turken Teshie

A wannan mako filin namu na tarihin mashahuran mutane zai tsallaka iyakar Aflao, domin kawo muku rayuwar Janar Ignatius Kutu Acheampong, sojan da ya mulki Ghana daga 1972 zuwa 1978, aka kuma bindige shi a 1979. Mu dai ba mu riski zamaninsa da wayo ba, amma tun muna yara muke jin dattawan Zongo a nan Lome suna gardama a kansa. Wani ya ce abin da ya shuka ne ya girba, wani ya ce an zalunce shi. Har yau gardamar ba ta mutu ba, kuma akwai darasi a cikinta ga duk mai neman abinci a kasuwar kan iyaka.

An haifi Acheampong ranar 23 ga Satumba, 1931, a yankin Ashanti, kuma garin iyayensa shi ne Trabuom, kusa da Kumasi. Ya yi karatun harkar kasuwanci, ya taɓa aikin akawu da koyarwa kafin ya shiga soja. A 1959 ya zama hafsa bayan horo a Ingila, daga bisani ya je Kongo cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. Da sojoji suka hamɓarar da Kwame Nkrumah a 1966, sai aka ba shi riƙon Yankin Yamma na Ghana.

Gwamnatin farar hula ta Dakta Kofi Busia da ta biyo baya ba ta bar wa mutanenmu tarihi mai daɗi ba. Ita ce a watan Nuwamba 1969 ta ba baƙin da ba su da takardar zama makonni biyu su fice daga ƙasar. Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa da mutanen Togo suka bar rumfuna da gidaje, da yawa suka biyo ta Aflao. A watan Disamba 1971 kuma Busia ya karya darajar sidi da kashi 44 cikin 100, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Ranar 13 ga Janairu, 1972, Busia yana Landan wajen magani, sai Kanar Acheampong ya ƙwace mulki ba tare da zubar da jini ba. Mu a Togo mun san wannan rana, domin a ranar 13 ga Janairun 1963 aka kashe Shugaba Sylvanus Olympio.

Shekarunsa na farko jama'a sun yi na'am da shi. Ya ɗaga darajar sidi, ya ƙi biyan wasu basussukan Turawa da ya ce da cuwa-cuwa aka ciwo su. Ya ƙaddamar da shirin kowa ya noma abin da zai ci, noman shinkafa da masara ya bunƙasa, musamman a Arewacin ƙasar. A zamaninsa aka gina rukunin gidajen Dansoman a Accra, wato birnin da fatakenmu ke kira Ankara, aka kuma soma madatsar ruwa ta Kpong a 1977. Direbobinmu ma suna cin moriyarsa har gobe, domin ranar 4 ga Agusta, 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama kamar Togo, aka huta da sauya hannu a bakin boda.

Sai dai daga 1975 al'amura suka fara lalacewa. Man fetur ya yi tsada a duniya, fari ya shigo, gwamnati ta dinga buga kuɗi, har hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin 100 a 1977. Hukuma ta ƙayyade farashin kaya, amma sabulu da sukari da madarar gwangwani suka ɓace daga kantuna. Wanda ke da uwa a gindin murhu shi ke samun takardar ɗaukar kaya a farashin gwamnati, ya juya ya sayar ninki-ba-ninki. Wannan cuwa-cuwa ita mutanen Ghana suka raɗa wa suna kalabule, kalmar da wasu ke cewa daga bakin Hausawa aka aro ta. Manoman koko kuwa suka riƙa fasa-ƙwaurin amfaninsu zuwa Togo da Kwaddibuwa, domin sefa ta fi sidi albarka.

Da jama'a suka fara kuka, sai ya amsa musu da ƙarfin soja. A 1977 an daki ɗalibai, an rufe jami'o'i, likitoci da lauyoyi suka shiga yajin aiki. Ya fito da tsarin gwamnatin haɗaka tsakanin soja da 'yan sanda da farar hula, babu jam'iyyu, wanda masu adawa suka ɗauka dabara ce ta zarcewa. A ƙuri'ar raba gardama ta 30 ga Maris, 1978, sai da shugaban hukumar zaɓe, Mai shari'a Isaac Abban, ya ɓuya don tsira da ransa. Aka ce tsarin ya yi nasara, aka kuma tsare 'yan adawa da dama ba tare da shari'a ba. Ranar 5 ga Yuli, 1978, abokan aikinsa a ƙarƙashin Janar Fred Akuffo suka tilasta masa sauka. Daga baya suka tuɓe masa muƙamin soja, suka killace shi a Trabuom, amma ba su kai shi kotu ba.

Wannan rufa-rufa ta ƙara fusata ƙananan sojoji. Ranar 4 ga Yuni, 1979 suka yi bore, suka fito da Jerry Rawlings daga inda yake tsare, ya zama shugaba. Kwana 12 kacal bayan haka, ranar 16 ga Yuni, aka ɗaure Acheampong a turke a filin harbin sojoji na Teshie, bakin teku, aka bindige shi yana da shekara 47. Tare da shi aka harbe Manjo Janar Utuka, wanda ya shugabanci rundunar tsaron kan iyaka. Ranar 26 ga Yuni aka ƙara da mutum shida, ciki har da Akuffo da Janar Akwasi Afrifa. Shi Afrifa ya yi adawa da gwamnatin haɗaka, kuma mako guda kafin nan ya ci zaɓen ɗan majalisa. Babu wanda aka yi wa shari'a a bainar jama'a cikinsu.

A nan ne kan mutane ya rabu. Ɗalibai sun fito kan titi suna neman a ci gaba da zubar da jini. Hujjarsu ita ce talaka ya sha wuya, kuma in aka bar manya ga kotu za su saye ta. A ɗaya ɓangaren, Elizabeth Ohene ta jaridar Daily Graphic ta rubuta cewa kisa ba zai warware matsalar ba, a lokacin da faɗin haka kasada ce. Najeriya a ƙarƙashin Janar Obasanjo ta dakatar da ba Ghana ɗanyen mai don nuna rashin amincewa. Bayan haka ba a sake harbe wani babban hafsa ba, har sojoji suka miƙa mulki ga Dakta Hilla Limann ranar 24 ga Satumba, 1979.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa su riƙe shi ne abin da ya biyo bayan harbin. Fushin da ya ci janar-janar bai tsaya a kansu ba. Sojoji sun shiga kasuwanni suna tilasta sayar da kaya a farashin gwamnati, aka yi wa mata 'yan kasuwa bulala a gaban jama'a bisa zargin ɓoye kaya, a watan Agusta 1979 kuma aka rushe babbar kasuwar Makola ta Accra. Duk da haka kaya ba su wadata ba, farashi bai zauna ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Hannun da ya hukunta shugaba ba tare da shaida ba, shi ne ya ɗaga bulala a kan mai rumfa ba tare da shaida ba.

A ganinmu Acheampong yana da tambayoyin da ya kamata ya amsa, kuma tausayin yadda ya mutu bai wanke shi daga yunwar da aka sha da mutanen da aka tsare ba. Amma da an tsayar da shi gaban alƙali a fili, da 'yan Ghana sun ji inda dukiyarsu ta shige, da kuma su wane ne suka ci tare da shi. Harsashi ya rufe bakinsa, ya rufa wa abokan cinsa asiri. Ko a addininmu ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa, an kuma kafa shaida. Irin wannan gardama muka sake ji a majalisun Zongo lokacin da aka rataye Saddam Husaini na Iraƙi ranar 30 ga Disamba, 2006, daidai da Babbar Sallah, inda har waɗanda suka san ta'asarsa suka ji ba daɗi.

A watan Disamba 2001, zamanin Shugaba John Kufuor, aka miƙa wa iyalai gawarwakin hafsoshin takwas bayan an tono su daga kusa da Nsawam, aka sake binne Acheampong a Trabuom. Togo ta soke hukuncin kisa a 2009, majalisar Ghana ma ta cire shi daga dokokin manyan laifuka a 2023. Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya kuma tsare mu da yanke hukunci cikin fushi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.