AL-KINDI, MALAMIN DA YA RARRABE ƘARAFA

Maƙeri a Ƙauran Namoda ko Zurmi in zai ƙera gatari ba ya ɗaukar kowane guntun ƙarfe. Sifirin mota yake nema, domin shi ne in an gasa shi aka tsoma cikin ruwa yakan yi tauri ya riƙe kaifi. To, wannan sani na zaɓen ƙarfe wani malamin Musulunci ya rubuta shi fiye da shekara 1,100 da suka wuce.

Sunansa Abu Yusuf Ya'aƙubu ɗan Ishaƙa Al-Kindi. An haife shi a Kufa ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 801, ubansa kuwa shi ne gwamnan garin. Zuriyar Ash'asu ɗan Ƙaisu ne, Sahabin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya shahara a Bagadaza, har Halifa Mu'utasim ya danƙa masa karatun ɗansa Ahmadu.

Wannan Halifa, wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842, shi Al-Kindi ya rubuta wa littafi a kan takubba. Ba ƙaramin al'amari ba ne, gama takobin da ya karye ana tsakar yaƙi ajalin mai shi ne. Ya raba ƙarfen da ake haƙowa gida biyu: namiji, wato Shaburƙan, mai tauri, da tamata, wato Narmahan, mai laushi. Sa'an nan ya ware Fulazu, wanda ba a haƙo shi haka nan, sai an narka ƙarfe an tace shi an haɗa masa wani abu. Masana na yanzu sun tabbatar abin nan shi ne kabon, sinadarin gawayi. In ya yi kaɗan ƙarfe ya lanƙwashe, in ya wuce kashi 2 cikin 100 ya riƙa fashewa. Bayan haka ya bi takubban Yaman da Hindu da Hurasan da Dimashƙa, yana bayyana yadda ake gane kowanne ta kamanninsa da zanen da ke jikinsa. Abin yabo a nan shi ne, malamin fada bai raina ilimin maƙera ba.

Littattafansa sun haura 200, a kan falsafa da lissafi da magani. Falsafar nan ta jawo masa suka, amma hassada ta fi cutar da shi. A zamanin Halifa Mutawakkil, 'ya'yan Musa ɗan Shakir suka ƙulla masa makirci, aka yi masa duka, aka ƙwace littattafansa, ko da yake daga baya an mayar masa. Ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 870. Allah ya jiƙansa.