Brown-Séquard: Likitan da ya gano mahaɗar saƙonni a cikin laka

Wanda wuƙa ko haɗarin babur ya raunata masa ɓangaren dama na laka, ƙafarsa ta dama takan shanye, amma ta hagu ce ke daina jin zafi da sanyi. A duk duniya, likitoci na kiran wannan yanayi da sunan Charles-Édouard Brown-Séquard.

An haife shi a 1817 a Port-Louis da ke tsibirin Moris, gabas da Madagaska. Mahaifinsa, matuƙin jirgin ruwa Ba'amurke, ya rasu a teku tun kafin a haife shi, sai mahaifiyarsa Bafaranshiya ta rene shi cikin talauci. A 1838 ya tafi birnin Paris da burin zama marubuci, amma ya koma karatun likita, ya kammala a 1846 da bincike kan laka.

Laka, wadda ke cikin ƙashin baya, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Idan aka yanka ta a gicciye, ana ganin wani sashe mai launin toka da siffar malam-buɗe-littafi. Siririyar gada ce ta haɗa fikafikansa biyu, da ƴar kafa mai ruwa a tsakiyarta. Dab da gaban gadar nan jijiyoyin jin zafi da sanyi ke tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren, su kuwa na motsi tun a gindin ƙwaƙwalwa suke tsallakawa.

A zamaninsa, masana sun ɗauka duk tsallakawar a ƙwaƙwalwa take faruwa. Shi kuwa ya riƙa yanke rabin lakar dabbobi yana lura da abin da zai biyo baya, har ya nuna cewa saƙon ji na sauya ɓangare a cikin lakar kanta.

A 1854 ya koma Moris ya yi jinyar masu kwalara. Ya koyar a Harvard ta Amurka, sannan a 1878 ya gaji Claude Bernard a Collège de France. A 1889, yana da shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan maraina na dabbobi don neman ƙuruciya, abin da ya jawo masa ba'a. Ya rasu a watan Afrilun 1894.

Har yau, idan aka kawo mai raunin baya daga Zermu ko Mirriya zuwa babban asibitin Zinder, likitan da ke tsikarar ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar inda yake jin zafi, da darasin wannan mutumi yake aiki.